Kabarin Ivy a Bayan Waya

Makabartar Marrandi a baki guda ɗaya ce, amma ko yaro a garin ya san biyu ce. Akwai ta ciki, mai duwatsun marmara da mala'ikun siminti da ruwan sama ya baƙanta, inda masu gonakin rake suke kwance sahu-sahu kamar a coci. Sai kuma ta bayan waya, wajen magudanar ruwa, inda aka riƙa binne 'yan tsibiri, jikokin waɗanda aka kwaso a jirgin ruwa don saran rake. A can babu dutse, babu suna. Kowane gida dai ya san nasa: a dasa jan ganye wajen kai, a kifa katantanwar teku wajen ƙafa, shi ke nan an gama.

Dulcie Tongoa ta ba wa tamanin baya, yanar ido kuma ta rufe mata gani har ba ta bambance mutum da kututture sai ya yi magana. Amma duk Lahadi in an taso daga coci, ƙaninta Clarrie zai kai ta kusurwar makabarta a tsohuwar a-kori-kurarsa, ya zauna a ciki ya kunna rediyo yana sauraron tseren dawaki. Ita kuwa ta ɗora hannu a kan waya ta bi ta, turke bayan turke, har yatsunta su taɓa wani kofaton ƙarfe na doki da marigayi mijinta ya buga a jikin turke. Daga nan sai ta juya wa Turawa baya, ta ja ƙafa a hankali har babban yatsanta ya daki katantanwa. Nan 'yarta Ivy take.

Shekarar Ivy uku ta mutu. Lokacin saran rake ne, Dulcie tana wanki a gidan Stallard, maƙogwaron yarinyar ya kumbura har numfashi yana yi mata wuya. Ta ɗauko ta ta tsaya a ƙofar baya tana roƙon a ara musu mota zuwa asibiti. Desmond Stallard, matashi ne a lokacin, da jan wuyansa da faffaɗar hularsa, ya ce mota cike take da rake, kuma injin sukari ba ya jiran kowa. Amaryarsa Marjorie tana kan baranda da kofin shayi, tana ji, ko ajiye kofin ba ta yi ba. Dulcie ta kama hanya da ƙafa, yarinyar ta cika a kafaɗarta kafin su kai gada. Aka naɗe ta a tabarma yadda kakanni suke yi, babu akwati, aka kai ta bayan waya.

Tun daga ranar buri ɗaya ya rage wa Dulcie a duniya, ta kwanta a gefen 'yarta. Ta bar fili daidai tsawonta a hannun hagun Ivy, ta kuma tsare shi da masifa. An yi mutuwa a dangi an so a haƙa wurin, ta zauna a kai daɓas ta ce sai dai a haƙa da ita.

Ran nan da hantsi sai ga mota mai ƙyalli a ƙofar gidanta. Marjorie Stallard ce, shugabar kwamitin makabarta, da kek a faranti an rufe da ƙyalle. Matar da fiye da shekara hamsin ba ta taɓa sanin launin ƙofar Dulcie ba!

"Dulcie tawa, kin ganki kuwa? Ke ba kya tsufa."

"Ni ban ganni ba, Misis Stallard. Idon ya tafi. Zauna mana."

Marjorie ta kaɗe kujera da hankici kafin ta zauna, Dulcie ta ji ƙarar kaɗewar sarai. Sai ta shiga zuba: zamani ya canja, wayar nan abin kunya ce ga gari, kwamiti ya yanke shawarar a cire ta a yi biki, fari da baƙi su zama ɗaya ko da a kabari ne. Har ma za a kawo masana daga birni da na'ura mai leƙen ƙarƙashin ƙasa, a gano kowane kabari a ba shi lamba, kada na wani ya ɓata.

Dulcie ta ce, "A bar wayar."

"Me kika ce?"

"Na ce a bar ta. Ba ta tsare wa kowa komai ba."

Marjorie ta yi 'yar dariyar nan tasu ta cikin hanci. "Haba Dulcie. Ke da aka yi wayar don a wulaƙanta ki, ke ce za ki tsaya mata? Ai sai mutane su yi miki dariya."

Dariyar kuwa an yi. Matasan danginta ma, waɗanda suka yi karatu suka san sunan kowane zalunci, suka ce Anti Dulcie ta saba da ƙasƙanci har ta fara ƙaunarsa. Clarrie ya ce, "Yaya, in kina son waya haka, in an cire sai in naɗo miki ita ki sa a ƙarƙashin filo."

"Kai dai ka ji da dawakinka da kullum suke zuwa na ƙarshe, shashasha."

Da ta ga taron ya fi ƙarfinta, sai ta roƙi abu ɗaya: a yanke wayar in an ga dama, amma a bar turakun, kada kuma a taɓa jan ganye da katantanwa. Marjorie ta kama hannunta a gaban fasto ta ce ta yi alkawari.

Aka sa bikin a makon da aka kira Dulcie birni za a kankare mata yanar ido ɗaya. Ko dace ne ko shiri, oho, wanda ya sa ranar shi ya sani. Aikin idon ma bai yi wani kyau ba, ta dawo tana ganin haske da inuwa kamar ta cikin labule. Ranar Lahadi Clarrie ya ɗauko ta, amma yau bai kunna rediyo ba, kuma da suka isa bai yi mata tsiyar da ya saba ba.

Ta sauko ta miƙa hannu inda waya take, ta kamo iska. Ta matsa gaba ta sake laluba, babu turke. Ta ja ƙafa, ciyawa ce a aske ƙwal kamar filin ƙwallo.

"Clarrie. Ina turakun?"

"Sun tuge su, Yaya."

"Jan ganyen fa?"

"Wai na'urar ba ta tafiya sai a fili sumul. Suka sa tarakta ta bi ta kai. Ni ma sai da aka gama na zo."

"Katantanwa?"

Ya kama gwiwar hannunta ya kai ta tsakiyar fili. An kafa wani allon tagulla a kan dutse, an kwaso katantanwar kowa da kowa an wanke su tas, an jera su a kewaye da allon gwanin kyau. Ta durƙusa tana shafa su ɗaya bayan ɗaya. Ta Ivy tana da tsaguwa a baki, ta gane ta nan take, tana tsakanin wasu biyu da ba ta san na wane ne ba. Ta ɗauke ta ta rungume a ƙirji, ta juya nan ta juya can, ba ta san inda za ta mayar da ita ba. Ba ta yi kuka ba, baƙin cikin ya wuce na kuka. Clarrie ya riƙe ta kada ta faɗi.

Mai na'urar ta iso cikin makon, wata budurwa mai suna Imogen, da hular rana da takalman sojoji, ga ladabi ba laifi. Na'urar tata kamar keken tura jarirai take, da ɗan allo a sama. Ta tura ta a ɓangaren Turawa, allon yana ta nuna mata akwatuna a jere, matan kwamiti suna leƙe suna ta mamaki. Da ta tsallaka inda waya take a da, sai allon ya koma toka-toka.

"Laka ce a nan, kuma a jiƙe take," in ji Imogen. "In akwai akwati ko ƙusa zan gani. Anti Dulcie, da me aka binne su?"

"Tabarma, 'yata."

Imogen ta sosa wuya. "To, gaskiya da wuya. Ki nuna mini wurin, in bi ta kai a hankali."

Dulcie ta tsaya a tsakiyar fili, rana a ka, mutane sun zuba mata ido. Shekara da shekaru hannunta ne ya san hanya, yau an raba hannun da abin da ya sani. Ta ce, "Daura da filin su Stallard ne. Mijina ya ce mala'ikansu mai karyayyen fiffike yana kallon bayanmu." Ta taka ta tsaya. "Nan ne." Sai kuma zuciyarta ta yi rawa, ta matsa gefe. "A'a, ko nan. Tsaya tukuna."

"Wayyo, baiwar Allah," in ji Marjorie da murya mai laushi, yadda kowa zai ji. "Kin gani ko, Imogen? Tsufa ne. Jiya ma can wajen magudanar ruwa aka ce ta nuna."

"Ƙarya kike yi! Jiya ban fito ba."

"To, to, Dulcie. Wani ya kawo mata kujera da ruwa, rana ta taɓa ta."

Imogen ta bi ta wurin da na'ura, ta sake bi, ta sake. Daga ƙarshe ta miƙe ta ce, "Ban ga komai ba. Amma ku ji ni da kyau, rashin ganina ba ya nufin babu kowa a ciki."

Marjorie ta riƙe rabin maganar na farko ta yar da na biyun. Imogen ta ci kek ta sha shayi, ta rungume Dulcie tana cewa za ta nemi a dawo da rani in ƙasa ta bushe. Ta shiga mota ta koma birni, ba a sake jin ɗuriyarta ba.

A zaman kwamiti na gaba aka ce tunda ɓangaren ciki ya cika maƙil, kuma masana sun duba ba su ga komai ba a bakin inda waya take, za a buɗe sabon sahu a wurin. Sai a lokacin Dulcie ta gane inda aka dosa. Filin su Stallard ya cika tun mutuwar ƙanwar Desmond, ta gabas hanya, ta kudu da arewa maƙwabta, ba shi da wajen faɗaɗa sai ta waya. Desmond kuwa yana kwance a gida, an sa masa robar numfashi a hanci.

Ta je wurin fasto, ya ce a yi haƙuri a yi addu'a. Ta je ofishin hukumar gari, wani mai taye ya tambaye ta shaida, ta ciro katantanwa daga jaka ta ajiye masa a tebur. Ya dube ta ya dubi abokin aikinsa, suka danne dariya. Matasan nan masu sanin sunan zalunci suka yi taro suka yi ta kumfar baki, amma su ne a hoton jarida riƙe da almakashin yanke waya suna washe haƙora, maganarsu ba ta yi tasirin komai ba.

Desmond Stallard ya mutu ana gab da damina. Motar haƙa ta zo da sassafe ta yi aikinta, kafin Clarrie ya ji labari an riga an shimfiɗa koren ƙyalle a bakin rami. Ya tambayi direban ina aka kai ƙasar da ta yi saura, ya ce an cike ramukan hanyar gona da ita. Wannan kam Clarrie bai gaya wa yayarsa ba. Aka yi jana'iza ta manya, aka zuba siminti, aka kafa baƙin dutse mai faɗi kamar ƙofar banki.

Dulcie ta daina zuwa makabarta. Ta rame, ta daina yi wa Clarrie tsiya, abin da ya fi komai tsorata shi. Abin da yake cinta shi ne rashin sani. Ko Ivy tana ƙarƙashin mutumin nan, ko tana gefe, ko tana can wani wuri ana taka ta. In ta mutu yau, ina za ta ce a sa ta?

Damina ta sauka da ƙarfi ta ɗauke. Wata Lahadi Clarrie ya shigo ko hula bai cire ba.

"Yaya, tashi mu je."

"Ina?"

"Ke dai tashi. Tarakta ta aske ganye, amma ba ta san jan ganye ba. Saiwar tana nan, sun tsiro. Duk filin ya yi ja, kowane a mazauninsa."

Ai kafin ya rufe baki ta laluba takalmi. Suka isa, ya riƙe ta suna ratsa 'yan tsirrai, yana cewa ga na Kawu Sol, ga na su Anti Pearl. Sai tafiyarsa ta yi nauyi.

"Na Ivy fa?"

Ya ɗauki hannunta ya kai ƙasa. Ta taɓa siminti mai sanyi, ta bi gefensa, sai ga ɗan ganye mai santsi ya kutso ta tsakanin siminti da ƙasa, daidai wajen kan Desmond Stallard. Wurin da ta fara nunawa ne ranar na'ura, kafin zuciyarta ta yi rawa.

Ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar gada. Mutumin da ya hana mota shi ne aka kwantar a kan yarinyar, da akwatinsa mai hannun azurfa. Amma ko ba komai yanzu ta sani. Ta ciro katantanwa ta kifa a ƙarshen simintin wajen ƙafa. Ta kuma laluba hannun hagu, ta ji ciyawa ce, ba a haƙa ba. Filinta yana nan.

Ta koma zuwa duk Lahadi da furanni daga bayan gidanta. Gari kuwa ya ɗauka. Wai ku zo ku ga amana, tsohuwar mai wankin Stallard tana durƙusa wa kabarin maigidanta, an ce cire wayar nan ya wanke zukata. Fasto har ya sa ta a huɗuba. Clarrie ya so ya tashi a coci ya fasa ƙwai, ta danne masa gwiwa. Tana lallaɓa filinta ne, ba ta son a ɓata wa Marjorie rai.

Ran nan tana durƙushe sai ta ji ƙamshin turare da ƙarar bokiti. Marjorie ce da ƙawayenta biyu, sun zo wanke dutse.

"Ga ta nan, ban gaya muku ba? Ko 'ya'yansa ba sa zuwa kamar ita."

Ƙawayen suka yi ta sa albarka, suka wuce wajen nasu matattun. Dulcie ta juyo wajen Marjorie. Ba ta taɓa roƙon matar nan komai don kanta ba tun ranar baranda, yau ta roƙa.

"Misis Stallard, ban zo da rigima ba. Abin da ya faru ya faru, ba zan ce a tone kowa ba. Wannan gefen na hagu kawai nake so. In na mutu a sa ni a nan. Ba na son dutse, ba na son suna, ba wanda zai san ina wurin."

Marjorie ta ajiye bokiti. Ta sunkuya da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta kama hannun Dulcie da taushi kamar za ta gaishe ta. Sai ta ɗaga hannun ta ɗora a kan baƙin dutsen, ɓarin hagu.

"Ke da kike gani da yatsu, karanta."

Dulcie ta bi haruffan, sababbi ne, bakinsu da kaifi. Sunan Marjorie ne, da shekarar haihuwarta, da ɗan layi, sai fili sumul yana jira.

"Kin ga an riga an sassaƙa," in ji Marjorie. "Akwai wuri can wajen magudanar ruwa, zan sa kwamiti ya ba ki." Ta waiga ta ga ƙawayen sun yi nisa, ta matso da bakinta kusa da kunnen Dulcie. "Kada ki damu da Ivy. In na zo zan kula miki da ita."

Dulcie ta daskare, hannunta yana kan dutse. Ashe ta sani. Tun ranar kek ta sani, tun ranar da ta kama hannunta a gaban fasto.

Marjorie ta dafa dutsen za ta miƙe, sai idonta ya faɗa kan ɗan jan ganyen. Ta yi tsaki. "Wannan ciyawar za ta fasa mana siminti." Ta naɗe shi a yatsa ta fizge, ta jefa a bokiti, ta ɗauki katantanwar ma ta jefa a kai. Sannan ta ɗaga murya wajen a-kori-kura.

"Clarrie! Zo ka ɗauke yayarka daga cikin ranar nan, kada ta yi mata illa."